Kafin ka sayi ɗanyen mai, duba asid ɗinsa tukuna

Masu shirin kafa ƙaramar matata ko shiga dillancin ɗanyen mai, kusan kowa API yake tambaya, wato nauyin man, sai kuma yawan sulfa. Ni kam abin da nake fara nema a takardar gwaji shi ne TAN, ma'aunin asid ɗin da ke cikin man. In ya haura 0.5 ka fara lura, in ya wuce 1 kuwa sai matatar da aka gina da ƙarfe na musamman. A sanyi wannan asid ba ya komai, amma da zarar zafi ya kai digiri 220 zuwa 400 a ma'aunin Celsius sai ya riƙa cin bututu ta ciki. A wata matata da na yi aiki an taɓa kawo mana haɗe-haɗen mai wai mai araha, da aka buɗe layin da ke fitowa daga tanderu cikinsa duk ya rarake yana ƙyalli, ko tsatsa babu, a gwiwar bututun ƙarfen ya koma kamar takarda. Rarar da aka samu duk a gyara ta ƙare.

Shi ya sa har gobe Bonny Light, ɗanyen man Najeriya mara nauyi, shi ne nawa. API ɗinsa wajen 33 zuwa 35, sulfa bai kai kashi 0.2 cikin ɗari ba, asid kaɗan ne sosai, ga shi yana ba da fetur da kananzir da gas, wato dizal, da yawa ba sai ka kashe kuɗi wajen injin cire sulfa ba, kuma ba ya daskarewa a tanki balle ka yi ta ɗumama shi. Eh yana da tsada, amma ƙaramar matata irin tamu abin da ya dace da ita ke nan. In gas ka fi nema Forcados, shi ma ɗanyen man Najeriya, ba laifi.

Doba na Chadi da ake turowa ta bututu zuwa Kribi a gaɓar tekun Kamaru, sulfa kaɗan ne amma nauyi gare shi kuma da yawan asid ya yi suna. Dar na Sudan ta Kudu ga asid ga kakin da ke sa shi daskarewa. Arab Light na Saudiyya sulfa ya kusa kashi 2 cikin ɗari, bar wa manyan matatu.

To amma wallahi 'yan damfara sun fi asid ɓarna, kuma da sunan Bonny Light ɗin suke cin mutane. Za a turo maka takardu ta WhatsApp da tambarin NNPC da rahoton gwaji na bogi, a ce jirgi na kan ruwa ɗauke da ganga miliyan 2, an rage maka dala 10 a kowace ganga, kawai ka biya kuɗin izinin hawa jirgi ko na mai duba kaya. Wa zai rage maka dala 10 a man da duniya ke rububinsa? Akwai kuma masu man sata daga fasassun bututu, rabi ruwa ne da laka, ga ɗauri in an kama ka. Kada ka yarda da samfurin da mai kaya ya miƙo maka a kwalba, ka tura naka mutumin ya ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan tanki, ka kai ɗakin gwajin da kai ka zaɓa a auna TAN da sulfa da ruwa da gishiri, kuma ko sisi kada ka tura asusun wani mutum kafin sakamako ya fito.