Rubutu A Bango Ko Igiyar Toyota?

Manajan da ke son ma'aikatansa su haɗu a kan ɗabi'u guda yana da hanya biyu.

Ta farko rubutu ne. Shugabanni su fitar da ƙa'idoji, a liƙa a bango, a karanta wa sabon ɗauka. Kamfanin Johnson & Johnson na Amurka ya rubuta nasa a 1943, ya sa masu amfani da kayansa a gaba, masu hannun jari a ƙarshe. Da aka zuba guba a maganinsa na rage ciwo, Tylenol, a 1982, ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa. Rubutun ya yi aiki ne saboda shugabanni sun yarda su yi asara a kansa. Enron, kamfanin makamashi na Amurka, shi ma ya rubuta riƙon amana cikin ƙa'idojinsa, amma wanda ya kawo riba, ko ta wace hanya, shi ake ɗagawa. Ya durƙushe a 2001.

Ta biyu, a dasa ɗabi'ar cikin aikin kansa. Toyota ya rataya igiya a layin harhaɗa motoci. Ma'aikaci ya ga noti bai ɗauru ba, sai ya ja, fitila ta kama, shugaban rukuni ya garzayo. In ba a gyara ba kafin motar ta kai iyakar wurin aikin ma'aikacin, layin ya tsaya. A ganina wannan ta fi ɗorewa, sai dai tana cin shekaru da kuɗi, kuma in aka tsawata wa wanda ya ja igiyar, abokan aikinsa za su koma ɓoye kuskure.