Triple Seven, madadin albarushi, a bindigata mai ɗuri ta baki: shekara uku ina amfani da shi

Tun ina yaro na san warin albarushi, a hawan Sallah a Kano, idan 'yan bindigar sarki suka buɗe wuta hayaƙi ya turnuƙe. Wannan wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai daga farar wuta yake fitowa, domin albarushi na asali haɗin farar wuta ne da gawayi da sinadarin fotasiyam naitiret. Da na zo jihar Ohayo a Amurka na fara farautar barewa a watan Janairu, lokacin da ake ware wa masu bindigar ɗuri, sai na tarar albarushi na asali ba ya samuwa a yawancin shaguna. Doka ta sa shi cikin abubuwa masu fashewa, ajiyarsa na da sharuɗɗa masu tsauri. Madadinsa ne ke kan kanta.

Na fara da Pyrodex, wanda ya fito tun shekarun 1970. Yana aiki, amma har yanzu da farar wuta a ciki, an ƙara masa sinadarin fakuloret. Daga baya na koma Triple Seven na kamfanin Hodgdon, kuma shi nake saya har yau. Babu farar wuta a cikinsa, wani sinadari ne dangin sukari ke ci da wutar. Ranar da na fara wanke bututun bindigar a garejinmu, ruwan famfo kawai na jiƙa ƙyalle da shi, na tura da sandar ɗuri sau huɗu, na biyar ya fito fes. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban Amira, yau ba ka yi harbi ba ne?" Saboda ba ta ji wari ba.

Triple Seven ya fi albarushi ƙarfi, shi ya sa kamfanin ya ce a rage awo da kashi 15 cikin ɗari. Da mazubi ake auna shi, ba da sikeli ba. A bindiga mai ƙyastu kuwa ba ya kamawa da sauri, ya fi son zafin firaima, wato ɗan ƙaramin abin da ke fashewa ya kunna albarushi idan kunamar bindiga ta buge shi.

Abin da nake roƙon duk mai saye: kada rashin wari ya yaudare ka. Tokarsa na jan danshi, tana cin ƙarfe. Ko da na dawo daga daji da daddare yatsuna sun ƙage da sanyi, ba na kwanciya sai na wanke bututun, na busar, na shafa mai.