Rediyon Littafi Mai Tsarki mai aiki da rana da na saya wa Inna a Tawa

Wata bakwai ke nan da na sayi 'yar na'urar nan, yanzu kam ina iya faɗin abin da na gani, don mata da yawa a zumuntarmu suna ta tambayata ko ta ci kuɗinta.

Ni a Yamai nike zaune, Bukoki, ɗinki nike yi, Inna kuma tana Tawa. Ba ta yi lekol ba, ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, shekara sama da talatin Baba ne ke karanta mata Littafi Mai Tsarki kowane dare bayan an ci tuwo, da tsohon littafinshi na fassarar 1979 wanda bangon ya mutu har anka naɗe shi da leda. Da Baba ya koma wurin Ubangiji bara sai littafin ya shiga akwati, ba mai buɗe shi, ƙanena Faransanci ya karanta, in ya kama karatun Hausa sai ya yi ta cin tuntuɓe, ga shi bai zama gida. Ran nan na kira ta a waya ta ce mini, ɗiyata gidan nan ya yi shiru, ko addu'a na fara sai in rasa bakin zaren. Maganar nan ta hana ni barci.

A wani ɗan kantin littattafan Kirista nan Yamai na same ta. Mai kantin dattijo ne mai haƙuri, bai matsa mini ba, ya kunna ya bar ni na saurari Luka kusan sura guda ina tsaye. Jika goma sha biyu ya ce, na ce Baba a duba ni, ya rage mini jika ɗaya ya kuma nuna mini maɓallan ɗaya bayan ɗaya har sau biyu. Ban yarda in ba direba saƙo ba, da kaina na hau kar, Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, sai Tawa, kilomita sama da 500 ina riƙe da ita cikin jaka kamar ƙwai.

Girmanta bai wuce tafin hannu ba, a bayanta akwai ɗan farantin sola, ciki kuwa Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, littattafai 66 duka da Hausa. Ba ruwanta da kuran, wato wutar lantarki, a kawo ko a ɗauke. Da safe Inna ta aza ta bisa rufin rumfa, kafin la'asar ta ƙoshi, da dare ta yi mata awa uku cur ba ta gaji ba.

Daren farko ba zan manta shi ba. Muna bisa tabarma a tsakar gida tana ɓare gujiya cikin ƙwarya, na nemo Zabura 23 na danna. Muryar ta ce "Ubangiji makiyayina ne", kafin ya ƙarasa Inna ta riga shi, "ba zan rasa kome ba", hannunta ya tsaya cik cikin ƙwaryar. Ta bi shi har ƙarshen zaburar baki da baki, ashe duk tana kanta, wanda zai fara mata kawai ta rasa. Ta ce da wannan babanku ke rufewa in an yi rashin lahiya a gida. Munka yi kuka mu biyu, sannan ta ce in maido daga farko.

To abin da bai yi mini ba. Maɓallan ƙanana ne ƙwarai kuma duk kama ɗaya, tsohuwa mai raunin ido ba ta bambance su, sai da na ɗiga jan farce bisa na kunnawa sannan ta gane shi. Neman sura wahala ne, sai ka yi ta dannawa kana ƙirga, in hannu ya zarce ka tsinci kanka cikin Littafin Firistoci alhali Markus kake nema. In an ƙure murya sifikar tana ɗan kakari. Lokacin hunturu kuma da hazo ya rufe rana ƙura ta kwanta bisa solar, cajin bai kai awa ɗaya, dole a riƙa share ta da tsumma. Sai Hausar, ta Najeriya ce, Inna ta ce wannan malamin Bakano ne ko, yana sauri kuma akwai kalmomin da ba mu faɗi a Adar, amma cikin sati biyu kunnenta ya saba.

Abin da ban zata ba shi ne ni kaina. Tun Janairun 2015 da anka ƙone majami'u a Zinder da nan Yamai zuciyata ta yi sanyi, ina zuwa sujada ranar Lahadi amma jiki ne kawai ke zaune bisa benci, ni da na iya karatu littafina na nan ƙarƙashin yadudduka yana shan ƙura. Yanzu Inna ce ke kirana da sassafe, ke kin san abin da Rut ta ce wa surukarta? Kunya ta sa na fara buɗewa don in samu amsar ba ta, daga nan abin ya zame mini jiki, in na rufe shagon ɗinki da dare sai na karanta surar da take ciki don mu tahi tare. Yanzu muna cikin Ayuba, ta ce abokan nan nashi sun cika surutu a gidan makoki.

Maƙwabciyarmu Hajiya, wadda ta yi zaman makokin Baba da mu kwana bakwai, takan leƙo in ta ji labarin Yusufu da 'yan'uwanshi, ta zauna ta ji ta ce ai su ma suna da shi, sallah ta yi ta tashi abinta.

Wanda tsohuwarshi ko tsohonshi bai iya karatu, ya saya, amma kar ya aika kawai, ya je ya zauna kwana biyu ya koya musu maɓallan. Ni ƙarshen wata zan koma kantin in ɗauko wa Gwaggo tata, tana Galmi, kuma zan roƙi dattijon in zai yi oda ya nemo mai manyan maɓallai.