Mamman Sani: kaset ɗin 1978 ko Taaritt?

A fadojin samarin Damagaram, wanda ya girma da rediyo ya san kiɗan Mamman Sani, makaɗin Nijar mai kiɗa da na'urar lantarki, ko bai san sunansa ba, don an daɗe ana sa shi tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa. Da wane kundi cikin nasa biyu za a fara?

Na farko, La Musique Électronique du Niger, an ɗauke shi a Yamai a 1978, Mamman Sani shi kaɗai da organ ɗinsa, wato abin kiɗa na lantarki mai madannai, na Italiya, ƙirar Orla. Sautin siriri ne, tafiyarsa a hankali, yana juya waƙoƙin gargajiya yana maimaitawa har su zauna a kunne. Kaset kaɗan aka buga, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi.

Taaritt kuwa aikin shekarun 1980 ne. Na'urori sun ƙaru, gangar inji ta shigo, sauti ya cika ya yi tsabta. Mai son motsa kafaɗa, nan ne wurinsa.

Ni dai na 1978 nake ba baƙo ya fara da shi. Ƙarancin kayan aiki ya bar karin waƙar a fili, ba abin da ya rufe shi.