Al-Bernameg na Bassem Youssef: saboda na'urar kofta na yafe masa rabin laifinsa

Wanda zai kalli Al-Bernameg a yau, wato shirin barkwancin siyasa da Bassem Youssef ya gabatar a talabijin ɗin Masar, shawarata kada ya faro daga fari. Ya tsallake kai tsaye zuwa zango na uku, fitowar ƙarshen Fabrairu da ta Maris na 2014 a tashar MBC Masr, inda aka yi ta jan zancen na'urar kofta. A nan shirin ya nuna abin da ya iya, kuma a nan ne kaɗai zan ce ban sami abin kushewa ba.

Ga yadda abin yake. A Fabrairun 2014 rundunar sojan Masar ta kira taro, shugaban riƙo Adly Mansour yana zaune, ministan tsaro na lokacin Abdel Fattah al-Sisi yana zaune, aka sanar cewa sashen injiniyoyin soja ya ƙera na'urorin da ke gano cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in C, har su warkar da su. Na'urar ganowar, mai suna C-FAST, wani ɗan sandan ƙarfe ne kamar eriyar rediyo a jikin mariƙi, wai yana juyawa da kansa ya nuna mai cutar ba tare da an ɗebi jini ba. Wanda ya yi bayanin, Manjo Janar Ibrahim Abdel-Atti, ya ce yana warkar da ƙanjamau ɗari bisa ɗari, kuma yana cire cutar daga jikin majiyyaci ya mayar masa da ita abinci, kamar tsinken kofta. Kofta dai niƙaƙƙen nama ne da ake dunƙulawa a jikin tsinke a gasa. Aka kuma sa rana: 30 ga Yuni za a fara yi wa jama'a magani.

To, mai gabatar da shirin, Bassem, likitan tiyatar zuciya ne kafin ya zama ɗan barkwanci. Kowa zai zaci lacca zai yi a kan yadda ƙwayar cuta take hayayyafa. Bai yi ba, kuma gara da bai yi ba. Tsarinsa hawa huɗu ne, kuma kusan duk ƙarfin shirin a kansu yake. Da fari zai gabatar da maganar kamar ya yarda da ita, fuska cike da murna. Sai a sako faifan mai maganar, gajere, daƙiƙa goma zuwa ashirin, a yanke shi daidai kan kalmar da ta fi muni. Sai kyamara ta dawo kan fuskarsa, ya yi shiru, ya bar 'yan kallon da ke zauren su gama dariya. Sannan a jero faifan masu gabatar da shirye-shiryen hira na sauran tashoshi, ɗaya bayan ɗaya, kowa yana kambama na'urar yana zargin mai shakka da rashin kishin ƙasa. Wannan hawa na huɗun shi ne dafin. Janar ɗin mutum ɗaya ne, ana iya cewa ruɗu ya kwashe shi. Amma idan aka jera manyan 'yan jarida suna rantsuwa a kan eriyar rediyo, ai an gama magana, ba sai an ƙara gishiri ba.

Abin da ya sa dariyar take da ɗaci shi ne ba a kan ƙaramin abu ake yin ta ba. A lokacin babu ƙasar da ta kai Masar yawan masu ciwon hanta nau'in C idan aka auna da yawan jama'a, kuma asalin yaɗuwarsa allurar maganin tsargiya ce da aka yi wa mutanen karkara tsawon shekaru, daga wajajen 1950 zuwa 1980, da sirinjin gilashi da ba a tafasa shi yadda ya kamata. Miliyoyin mutane ne ke jiran magani. Ka ce wa irin waɗannan su jira Yuni, wani ma ya ajiye maganin da yake sha, ba wasa ba ne. Mai ba fadar shugaban ƙasa shawara kan kimiyya, Essam Heggy, ya fito ya kira abin da abin kunya, aka yi masa ca. Shirin ya riƙe zancen mako bayan mako yana tuna wa mutane ranar da aka sa, har sunan "na'urar kofta" ya bi ta ya zauna. Maganin gaske kuwa ta wata hanya ya zo: a shekarar ce gwamnati ta daidaita da kamfanin Gilead a kan maganin Sovaldi, dala 900 kuɗin cikakken maganin mutum guda, alhali a Amurka dala 84,000 ne.

Da a nan na tsaya da na ba shi maki cikakke. Amma duk lokacin da na koma fitowar 25 ga Oktoba 2013 sai raina ya sake ɓaci.

Ku tuna yanayin. Sojoji ƙarƙashin Sisi sun tumɓuke shugaba Mohamed Morsi ranar 3 ga Yuli. Shirin ya tafi hutu kusan wata huɗu. A cikin hutun nan, ranar 14 ga Agusta, aka tarwatsa zaman dirshan magoya bayan Morsi a dandalin Rabi'a, ɗaruruwan mutane suka mutu a yini ɗaya. Sai ga shirin ya dawo, ƙasa duka ta kasa kunne, kuma babban abin da aka gina fitowar a kai shi ne shaguɓe ga masu haukar son Sisi: cakulan mai hotonsa, da wata mata da aka sa wa suna Gamahir, wato jama'a, wadda ta rabu da miji tana mafarkin hafsan soja. An yi dariya, ban musa ba. Amma Sisi kansa ba a taɓa shi yadda ake taɓa Morsi ba, kewaye-kewaye aka yi ta yi, ana barin jaki ana dukan taiki, wato ana dukan masu tafi ana barin wanda ake yi wa tafin. Jinin da aka zubar kuma, a ganina, nauyinsa bai fito ba ko kusa.

Kwatanta da zango na biyu, wanda ya fara a tashar CBC a Nuwamban 2012. A can Morsi ba ya motsi sai an kama. Ya je Jamus a Janairun 2013 ya cakuɗa Larabci da Ingilishi yana cewa fetur da giya ba sa haɗuwa, aka yi ta maimaita faifan. Ya je Pakistan a Maris aka ba shi digirin girmamawa aka ɗora masa wata doguwar hula, Bassem ya fito da irinta wadda ta ninka ta girma. Da babban mai gabatar da ƙara ya ba da umarnin kama shi bisa zargin cin mutuncin shugaba da addinin Musulunci, ya je ofishin ranar 31 ga Maris da wannan hular a ka, aka yi masa tambayoyi na sa'o'i aka ba da belinsa a kan fam 15,000 na Masar. Jarumta ce, ba shakka. Sai dai wanda ya kalli zangunan biyu a jere zai ga sanda ɗaya ce, amma ba nauyi ɗaya aka sauke ta ba.

Na san uzurin, kuma uzuri ne mai ƙarfi. Wannan sassauƙar fitowar ta Oktoba ma ba ta tsira ba. Ana ɗaukar shirin ne a gaban 'yan kallo a gidan wasan Radio da ke tsakiyar Alƙahira, kwana biyu kafin a sa shi daren Juma'a, don haka tasha tana da damar ganin faifan kafin kowa. Ranar 1 ga Nuwamba CBC ta dakatar da fitowa ta biyu ana gab da sa ta, ta ce an saɓa wa manufofinta. Idan ɗan wannan shaguɓen ya isa a rufe shiri, to me zai faru da an kama suna? Na fahimta. Fahimta dai ba ta hana jin haushi.

Wani abin da ya dame ni tun a zango na biyu shi ne batsa. Ba zagi a fili ba, a'a, magana mai harshen damo wadda kowa a zauren ya san inda ta dosa. Sau ɗaya ko biyu a fitowa ana iya wucewa. Amma akwai fitowar da za ka ga an rasa faifai mai ƙarfi, sai a cike gurbin da zancen ɗaki, kuma zancen Gamahir ɗin nan kusan duk a kan wannan aka ɗora shi. Ba shiri ne da za a kunna a falo yara na zaune ba. Illar ma ta wuce ta kunya: masu neman a rufe shi sun sami abin riƙewa, suna cewa rashin tarbiyya suke yaƙa ba ra'ayi ba, alhali kowa ya san abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya.

Waƙoƙin da raye-rayen ma sukan yi tsawo. Fitowa ɗaya takan haura sa'a guda, kuma kashin ƙarshe na baƙo ko mawaƙi yawanci ana iya tsallake shi ba a yi asarar komai ba, in ban da zuwan ɗan barkwanci Jon Stewart a Yunin 2013, wanda shirinsa na Amurka ne aka kwaikwayi tsarinsa tun Bassem yana ɗaukar bidiyo a ɗakin wanki yana sawa a YouTube a 2011.

Sai maganar harshe, don kada wani ya ce ban faɗa ba. Wanda ya yi Larabcin makaranta zai sha wuya a makon farko. Larabcin titin Alƙahira ne zalla: jimun ta koma "ga", shi ya sa barnamaj ya zama bernameg, ƙafun kuma takan faɗi ta zama hamza, ga sauri, ga karin maganar da aka tsinto daga tsofaffin finafinan Masar. Sunan kansa wasa ne, don ma'anarsa "Shirin", sai ya riƙa yi wa mutane maraba da zuwa shirin Shirin. Fassarar da ake samu a ƙasan wasu faifan tana kawo ma'ana amma tana kashe lokacin dariya, domin rubutun yakan riga fuskar fitowa, shirun nan na hawa na uku ya tashi a banza. Kuma barkwancin labarai ba ya kwana: wanda bai san mai gabatarwar da ake nunawa ba, bai san abin da ya faɗa wata uku baya ba, zai ga zaure na ta ƙyaƙyata shi yana zaune kamar baƙo a gidan biki. Fitowar kofta ce ta tsira daga wannan, don eriya da tsinken nama ba sa bukatar sharhi.

A Maris 2014 an yi ta katse siginar MBC Masr daidai lokacin shirin. A Afrilu tashar ta dakatar da shi, wai don kada ya rinjayi masu zaɓen shugaban ƙasa da aka yi a ƙarshen Mayu, da alkawarin zai dawo. Bai dawo ba. Ranar 2 ga Yuni Bassem ya tara 'yan jarida a gidan wasan ya ce an gama, matsin ya fi ƙarfinsu. Saura kwana 28 ke nan ranar da aka yi alkawarin fara warkar da mutane ta cika. Ana gab da ita, sojoji suka ce an ɗaga da wata shida don a ƙara gwaji, kuma daren Juma'ar da ya biyo baya babu wanda ya sako faifan janar ɗin ya dawo da kyamara kan fuskarsa.