Kafin ka ɗauki shatar jirgi daga Legas, fara auna akwatunan

An taɓa ɗora min aikin nemo jirgin da zai kai masu kai lefe daga Legas zuwa Kano. Mutum takwas ne, dillali ya ce yana da Hawker mai kujera takwas, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ranar tafiya muka taso daga Agege da mota uku, ɗaya akwatuna ne zalla. Da muka isa filin jirgin sama na Ikeja, matuƙin ya zagaya kayan sau biyu bai ce uffan ba. Hajiya Babba ce ta riga shi magana: "Kai ɗan nan, mu dai ga wurin zamanmu, to kayan fa a kanmu za mu ɗora?" Babbar akwatin saitin ko kwanar ƙofa ta ƙi sha. Rabin lefen a mota ya bi mu, ya iso washegari, ni kuwa na sha harara har aka watse.

Laifina ne, don kujeru na ƙirga ban tambayi wurin kaya ba. Hawker 800 da ƙannensa 850 da 900 jirage ne masu daɗin zama, kuma akwai su a Najeriya, amma yawancinsu ba su da ma'ajiyar kaya ta waje. Duk abin da za ka ɗauka ta ƙofar fasinja zai shiga, a cusa shi a 'yan kabad na ciki. Ga Alhaji da mutum huɗu masu zuwa taro Abuja su dawo da yamma, babu kamarsa. Ga biki kuwa, ka manta da shi.

In mutanenka sun kai goma ko sha biyu, ga kaya masu yawa, jirage biyu ne za ka fi jin sunansu: Challenger 604 ko 605 na kamfanin Bombardier, da Legacy 600 ko 650 na Embraer. Challenger ya fi faɗin ciki, mutum na miƙewa tsaye ya yi tafiya a sake, kuma wurin kayansa ya ninka na Hawker. Amma ni in kaya ne matsalar, Legacy nake zaɓa ba tare da dogon tunani ba. Asalinsa jirgin fasinja ne, ERJ 135, aka mayar da shi na alfarma mai kujera kamar 13, shi ya sa ma'ajiyarsa ta baya ta kai ninki biyu na ta Challenger, kusan ninki biyar na ta Hawker, da ƙofarta daban ta waje. Saitin lefe, gara, keken guragu na tsohuwa, duk suna shiga ba a taɓa kujerar kowa ba.

Da zarar ayari ya haura ashirin, maganar jirgin alfarma ta ƙare. Nan sai ka nemi shatar jirgin fasinja gaba ɗaya: ERJ 145 ko CRJ200 masu kujera 50, ko Dash 8 Q400 mai farfela da ke ɗaukar sama da 70. Babu kujerun fata da kafet mai laushi, amma in ka raba kuɗin a kan kowane mutum sai ka ga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Kuma a wannan matakin ka zauna da kalkuleta, don wani lokaci sayen tikiti na kowa da biyan kuɗin ƙarin kaya a jirgin da ke tashi kullum ya fi arha. Abin da shata ke sayo maka shi ne lokaci da sirri.

Akwai kuma ƙananan masu farfela da mutane ke rainawa. King Air 350 na ɗaukar mutum takwas ko tara, yana da wurin kaya a baya da wasu aljihuna a fukafukai, kuma yana sauka a gajeren titin da jet ba zai yarda ba. Pilatus PC-12, in ka same shi, yana da ƙofar kaya mai faɗin sama da mita ɗaya, ita ce ke karɓar abin da ya ƙi shiga ko'ina. Sai dai tsakanin Legas da Kano kilomita 830 ne da 'yan kai. Jet na cinye ta cikin kamar awa ɗaya da rabi, mai farfela kuwa sai ka ƙara haƙuri. Maiduguri ta wuce kilomita 1,200, can ma kada ka wahalar da tsofaffi.

Wuri ba shi kaɗai ba ne, akwai nauyi. Kowane jirgi yana da iyakar abin da zai tashi da shi, kuma mutane da kaya da mai duk kwano ɗaya suke ci: ka ƙara akwati, a rage mai, ko a rage mutum. Don haka ka ɗora kayan a sikeli tun a gida, ka auna tsawo da faɗin mafi girma, ka tura wa kamfanin a rubuce har da hoto. Jaka mai laushi ta fi akwati mai tauri sauƙin cusawa. Tukunyar gas, janareta mai ragowar fetur, manyan batura da katan-katan na turaren ruwa kuwa, ka faɗa tun da wuri, don dokar kayan da ke iya kama wuta ba ta san jirgin shata ba. (Turaren nan shi ya fi jawo gardama da iyayenmu mata.)

Takarda ita ce abin da dillalai ba sa son a tono. Cikin izinin da NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ke bayarwa, iri biyu ne suka shafe ka: AOC ga mai ɗaukar fasinja don kuɗi, da PNCF ga mai jirgin kansa wanda ba a yarda ya yi haya da shi ba. A 2024 hukumar ta dakatar da izinin wasu masu jirage saboda yin haya a ɓoye. Irin wannan jirgin yakan zo da farashi mai daɗi, amma in wani abu ya faru inshora na iya zame jiki. Ka ce a nuna maka AOC, ka duba lambar jirgin da ke jikin wutsiya ta dace da wadda ke takardar.

Farashi da dala ake yanka shi, bisa awa, kuma dawowar jirgin babu kowa ma kai za ka biya. In zai kwana yana jiranka akwai kuɗin ajiya da masaukin matuƙa. Ka tambaya ko jirgin a Legas yake zaune, don in daga Abuja za a kawo shi wannan ma a wuyanka yake. Ka tambayi inda za ku shiga, GAT ne, wato tsohuwar tashar jiragen cikin gida, ko ɗaya daga cikin rumfunan jiragen alfarma irin na ExecuJet da EAN, saboda kuskuren ƙofa a Ikeja da cunkoson safe na iya cinye maka awa guda. In kuma tafiyar ta faɗo tsakanin Disamba da Fabrairu, a rubuta a yarjejeniya abin da zai faru da kuɗinka idan hazo ya hana sauka a Kano ko Sakkwato.

Gado, kujeru da firji dai ban ƙara yarda an kai su filin jirgi ba. Kwana biyu kafin tafiya nake loda su a mota, in haɗa da yaro ɗaya mai waya a hannu.