Faifan ajiya ko Google Drive: ina ya kamata sashe ya ajiye sakamakon ɗalibai?

Malama, kin ce sakamakon jarrabawa da kundayen ɗaliban sashenku duk suna cikin kwamfuta ɗaya a ofishin jami'in jarrabawa, kuma shugaban sashe na jiran shawararki: a sayi faifan ajiya na waje mai jonawa ta USB, ko a zuba komai a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google da ke kan intanet.

Amfanin faifan a fili yake. Sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ba ruwansa da data ko rashin sabis. Matsalar ita ce yawanci a durowar teburin da kwamfutar take kai ake jefa shi. Ɓarawon da ya ɗauke kwamfutar zai haɗa da shi, haka gobara, haka yoyon rufi da damina. In kuwa aka bar shi a jone kullum, bairos mai kulle fayiloli don neman kuɗin fansa, irin WannaCry da ya tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya da dama a 2017, zai kulle shi tare da kwamfutar.

Drive ya magance maganar ɓarawo da gobara, tunda bayanan ba sa cikin ginin. Sai dai tambayar da ta fi damuna ita ce: a asusun wa za a zuba su? Abin da aka saba, jami'in jarrabawa ya yi amfani da Gmail ɗinsa na kansa, a rubuta kalmar sirri a 'yar takarda a manna a gefen allon kwamfuta, kowa ya riƙa shiga. Ranar da aka canza makin wani ɗalibi, ba mai iya cewa ga wanda ya taɓa. Ranar da mai asusun ya tafi ƙaro karatu ko ya bar aiki, sashe ya koma roƙonsa bayanan ɗalibai a waya. Ga shi asusun kyauta 15 GB kawai yake bayarwa, a haɗe da saƙonni da hotuna, kuma tun Disamba 2023 Google na iya goge asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Ɗalibin da ya dawo neman takardar sakamakonsa bayan shekara goma fa, wa zai ba shi amsa?

Don haka in Drive za a yi, a yi shi a kan adireshin jami'a. Ki je sashen ICT ki tambaya ko suna da Google Workspace for Education, wato tsarin asusun Google na makarantu, ko makamancinsa Microsoft 365, su buɗe ma'ajiyar haɗin gwiwa da sunan sashe, wadda fayilolinta ba sa bin mutum in ya tafi. Kowane malami ya shiga da asusunsa: wasu karantawa kaɗai, mutum biyu ko uku su ne masu izinin gyara. Wanda ya bar sashe, a cire sunansa a ranar. Wannan hakkin ɗalibai ne, kuma dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta shafi irin waɗannan bayanai.

Duk da haka Drive shi kaɗai bai isa ba. In an haɗa shi da kwamfuta, abin da aka goge a nan ya gogu a can, kwandon sharar kuma kwana 30 yake riƙe fayil.

Ni dai Drive na jami'a zan sa a gaba, sannan a sayi faifan. Duk lokacin da majalisar dattawan jami'a ta amince da sakamakon zango, a kwafe shi a faifan, a kulle faifan da BitLocker, manhajar kulle bayanai da kalmar sirri, in Windows ɗinku na da shi, a zare, a kai wani gini daban kamar ofishin shugaban tsangaya. Kafin a kai, a jona shi a wata kwamfutar a buɗe fayil biyu ko uku, a tabbatar suna buɗuwa.